Gayyar da Aka Yi wa Yaya Felix

Yayana Felix bai taɓa kwanciya ciwo ba tun da na yi wayo, shi ya sa da abin ya fara babu wanda ya kira shi ciwo. Ni dai na ga wata rana da yamma ya tsaya da babur ɗinshi a gaban rumfata ta faci a Kwangila, bai kashe ba, bai kuma sauka ba. Na gaishe shi, shiru. Na zagaya na latsa tayoyin duka biyu, lafiyarsu ƙalau. Sai can ya juyo ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci.

"Micah, ina na ce maka zan je?"

Na ce bai faɗa mani ba. Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya ja babur ya koma hanyar Sabon Gari, inda ya fito.

A lokacin kaya uku ne a kanshi. Yana aiki a wani kamfanin matse man angurya a Chikaji, shi ke zuba wa inji angurya a baki, wani makon da rana, wani makon da dare. Yana noma gonar da Babanmu Jatau ya bari a Bomo. Sannan shi ne shugaban mawaƙa a majami'armu ta Samaru. Shekarar ce wayar salula ta fara shiga hannun talaka, shi ma ya sayi tashi, daga nan kuma babu wanda ke jin kunyar neman shi. Rasuwa, Felix. Biki, Felix. Rufin majami'a na yoyo, Felix. Bai iya cewa a'a ba, a bakinshi kamar zagi ne.

Ni kuwa tun muna yara an san ni da sanyin jiki. Makaranta ma ban yi nisa ba. Matar Yaya, Sarah, takan ce da ni da hawainiya uwa ɗaya muka sha.

Wanda ya fara ba ni tsoro shi ne Oga Akinola, mai kula da ma'aikata a kamfanin. Ya kawo mani taya, amma na lura ba tayar ce ta kawo shi ba. Da Hausarshi mai gauraye ya ba ni labari cewa ya tarar da Yaya tsaye a bakin inji, buhu ya ƙare tuni, amma hannunshi na ci gaba da turawa, ido a buɗe. Ya kira sunanshi bai ji ba, sai da ya ruga ya kashe injin. Ya ce bai faɗa wa manya ba, domin yana son Felix.

"Ka gaya wa ɗan'uwanka," in ji shi, "inji bai san mai waƙan coci ba."

Sarah ta matsa aka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna nan aka auna can, aka ce ba a ga komai ba. Fasto ne ya ce a kai shi wurin Mama Edith.

Mama Edith tsohuwar malamar makaranta ce, haifaffiyar Wusasa, tana zaune a bayan kasuwar Samaru. Tun da ta bar aiki, mutanen da ƙarfinsu ya ƙare suke zuwa wurinta, masu jinya, malamai, har da fastoci. Ba ta ɗora wa mutum hannu, ba ta ɗaga murya. Zama take da mutum ta duba yadda yake tafiyar da kwanakinshi, su yi addu'a, su gyara abin da zai gyaru, ya dawo wani mako. Ni na goya Yaya zuwa, don Sarah ta daina yarda ya hau babur shi kaɗai. Da na tashi zan ba su wuri, Mama ta ce in zauna, ana bukatar wanda zai riƙa tuna mashi.

Ta ba mu zoɓo, ta ce ya ba ta labarin makonshi tun daga Litinin. Ya yi ta jerowa, tana gyaɗa kai. Da ya gama ta tambaye shi yaushe rabon da ya ci abinci a zaune tare da 'yarshi Peace. Bai tuna ba. Ta tambaye shi yaushe rabon da ya rera waƙa ya ji ta a jikinshi. Sai ya ce in ya ɗaga hannu a gaban mawaƙa yanzu, ji yake kamar yana kaɗe buhu. Ya ce addu'a ma ta zame mashi wani aikin kamfani. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa, kamar mai tona laifi.

Mama ta ce wannan ba zunubi ba ne, ba kuma jifa aka yi mashi ba. Rijiya ce aka yi ta ja dare da rana ba a bar ta ta tara ruwa ba, yanzu guga laka take kwasowa.

"Ɗana, wanda ya yi sama da ƙasa ma da ya gama hutawa ya yi. Kai ka fi shi aiki ne?"

Yaya ya ce a'a, Mama.

Suka shirya abin a tsakaninsu. Zai miƙa mawaƙa ga wani har sai an yi girbi. Zai roƙi Oga Akinola ya bar shi a aikin rana kawai. Ranar Alhamis da yamma zai zo su taka da ƙafa shi da ita, su yi hira. Asabar kuma tashi ce da Allah: ba fartanya, ba waya, ba babur. Duk ya amsa, sai da aka zo kan Asabar ya ɗago kai. Ya ce ita kaɗai ce ranar gona. Ya ce a Bomo yanzu in gona ta yi ciyawa damina ɗaya, masu gina ɗakunan ɗalibai za su fara zuwa tambayar ko ta sayarwa ce, ga dangi masu jin kunne.

"Sai ka koyi bari a taimake ka," in ji Mama. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Asabar ta farko ya yi ta kamar a kan ƙaya. Sarah ta ce ya zauna a nan ya tashi, ya koma can, ya duba sama, ya ce ruwan jiya zai ta da ciyawa. Ta biyu ya yi barci har bayan azahar. Daga nan abin ya fara sauƙi. Wata Asabar na je na tarar yana gyara wa Peace 'yar motar gwangwani, yana ɗan rera wani abu ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Sarah ta ƙifta mani ido kada in yi magana.

Ni na karɓi gonar. Nakan rufe rumfa in tafi Bomo, amma noman firi, wato noman farko, ba ya jiran mai sanyin jiki. Kafin in kai wancan bakin, wannan bakin ya sake yin kore.

"Ƙaramin miji," in ji Sarah, "ciyawar nan kai kake nome ta ko ita ke noman ka?"

Da zuciya ɗaya ta kai maganar wurin Baba Elias, shugaban zumuntar mazan majami'a. Dattijo ne mai kirki, ɗan Bomo, abokin Babanmu. Ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, gayya za a kira. A wurinmu in aiki ya fi ƙarfin mutum, maza sukan taru da fartanyoyinsu da makaɗi, su cinye gonar a wuni ɗaya, mai gona ya ciyar da su. Haka aka yi. Maza suka cika gonar Babanmu, ganga na tashi, mata na sauke kunu da tuwon masara. An ce wa Yaya ya zauna a gida, amma wajen hantsi sai ga shi ya zo a ƙafa, ya tsaya a gindin ɗorawa.

Bai taɓa fartanya ba. Kallo kawai yake, daga wannan mutum zuwa wancan, leɓenshi na motsi. Da fari na ɗauka addu'a yake yi masu. Da na matso sai na ji sunaye ne. Yana bin kowane mutum da sunanshi, da unguwar da gonarshi take.

Baba Elias ma kamar ya lura, domin da aka tashi ya dafa kafaɗarshi a gaban kowa ya ce wannan don Allah aka yi, babu ramuwa. Yaya ya durƙusa ya yi godiya.

Ranar Alhamis Mama Edith ta yi murna ƙwarai, ta ce amsar addu'a ce. Na bari sai da Yaya ya shiga wanke hannu, na ce mata a hankali, Mama, a Bomo ba a cin gayya a share baki. Wanda ya sunkuya a gonarka, ranar tashi kai ma za ka sunkuya, ko an kira ka ko ba a kira ba. Da Yaya ya fito ta tambaye shi, ya ce ai Baba Elias ya ce babu ramuwa.

"Na ji abin da Elias ya ce. Kai ka yarda?"

Ya dubi gabas ya ce hadari ya haɗo, gara mu kama hanya.

Mama ba ta yi sanya ba, ta je har gida ta sami Baba Elias. Ya rantse mata babu wanda zai kira Felix, ya kuma gargaɗi maza. Gaskiya ne, babu wanda ya kira shi. Matar wani ce kawai ta zo aron babbar tukunya wurin Sarah, ta ce ta gayyar Asabar ce. Wani kuma a ƙofar majami'a ya ce a sa su a addu'a, jibi za su shiga gona. Ba wanda ya yi da nufi. Magana ce irin wadda ake yi kullum.

Yaya ya fara da cewa zai je ya yi masu sannu da aiki ne kawai. A can ya ga wani tsoho yana haki, ya karɓe shi. Asabar ta gaba bai nemi dalili ba. Da aka shiga maimai, wato noma na biyu, gayya ta yi yawa har Asabar ba ta isa, sai ya koma wurin Oga Akinola ya ce a mayar da shi aikin dare, wai ya warke. Da haka safiya ta zama tashi. Ya fito daga kamfani, ya wuce gonar wani. Wayar ta dawo aljihu. Alhamis ta zo ya ce mani in gaya wa Mama yana da uzuri, ta gaba ma haka.

Ya rame, amma ba ramar ce ta dame ni ba. Ya zama mai fara'a irin wadda ban san shi da ita ba, yana magana da sauri, yana dariya kafin a gama zance. Sarah ta ce ko ya kwanta idonshi biyu. Ta ce ran nan Peace ta kawo mashi ruwa, ya ce mata na gode, 'yar wa ce ke, sai kuma ya mayar da abin wasa.

Mama Edith ta zo har rumfata. Ta zauna a kan tsohuwar taya, ba ta damu da baƙin mai ba. Ta ce ita ta buɗe ƙofar nan da bakinta, ta ce a taimake shi, ba ta tambayi nauyin taimakon ba. Ta ce ta je gidanshi ya gaishe ta da ladabi, ya amsa duk abin da ta ce, amma hankalinshi ba ya cikin ɗakin.

"Ni yanzu ba ya ji na, Micah. Ka riƙa zuwa a madadinshi. In kuma ya ƙi, kada idonka ya bar kanshi."

Na je na sami Yaya na ce gayyar Baba Elias ta ranar Asabar ni zan je, ai hannun ƙane hannun yaya ne. Ya ce to, madalla, Allah ya yi mani albarka. Saurin amsawar nan bai kwanta mani ba.

Na isa gonar da sassafe, na tarar ya riga ni. Daga kamfani ya wuce, farin gashin angurya duk a sumarshi da girarshi, kamar ya tsufa a dare ɗaya. Baba Elias ya yi ta roƙon shi ya koma gida, Yaya ya ce gonar abokin Babanshi ce, ina zai sa fuskarshi. Makaɗi ya saki ganga, maza suka jeru, kowa ya kama kunyarshi. Na kama ta kusa da tashi.

Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Ya bar samari a baya, makaɗi ya koma binshi shi kaɗai yana yi mashi kirari, mata na guɗa. Ni ina can baya ina ɗaga kai ina duba shi. Na ga ya kai ƙarshen kunya, inda ake miƙewa a juyo. Bai miƙe ba. Ya haye iyaka, ya shiga gonar maƙwabci, inda dawa ta kai gwiwa, ya ci gaba da sara. Ba ciyawa yake cirewa ba, dawar yake kwantarwa, ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya yi dariya ya ce sarkin noma ya ƙara da ta maƙwabta. Babu wanda ya taya shi. Makaɗi ya sassauta, ya tsaya. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fartanyar Yaya, tana sauka daidai da kiɗan da aka riga aka daina. Baba Elias ya kira sunanshi, ya sake kira. Bai waiwayo ba.

Kowa ya tsaya a inda yake, kuma na san dalili. A wurinmu ba a karɓe wa namiji fartanya da ƙarfi a gaban maza. Tsohon da ya rikice ake yi wa haka, ko wanda hankalinshi ya taɓu, kuma daga ranar sunan ya bi shi ke nan. Balle a ce ƙane ne ya yi wa wanshi. Kowa na jiran ya farka da kanshi, a ce ba a ga komai ba.

Na ajiye tawa na bi shi cikin dawar. Da na matso na ga babban yatsanshi na ƙafa a tsage, jini ya haɗu da ƙasa ya yi baƙi, bai ma sani ba. Na jira ya ɗaga, na riƙe ƙotar da hannu biyu. Ƙarfinshi ya ja ni har na durƙusa, amma ban saki ba. Ya dube ni, ya daɗe yana duba na kafin ya gane ni.

"Saki, Auta."

"Ba zan saki ba, Yaya."

"Mutane na kallo."

"Na sani."

Ya waiwaya ya ga dawar da ya kwantar, doguwar hanya a bayanshi. Ya ga maza sun sunkuyar da kai. Yatsunshi suka buɗe a hankali, ya bar mani fartanyar, sai ya zauna a ƙasa kamar an zare mashi ƙashi.

Ban kai shi gida ba. A gidanshi kowa ya san ƙofa, kafin yamma za a cika ana sannu, shi kuma zai tashi ya amsa wa kowa, ya raka kowa. Na ɗaure mashi yatsan, wani ya riƙe shi a bayana a kan babur, na kai shi ɗakina a Sabon Gari, can cikin lungu bayan masu walda. Ya kwanta a katifata da ƙasar gona a jikinshi, barci ya ɗauke shi kafin in cire mashi riga. Na aika wa Oga Akinola cewa kada a jira shi.

Sarah ta zo, ta zauna a gefenshi tana kore ƙuda, ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Mama Edith ma ta zo. Ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, ta roƙi Allah ya ba bawanshi barci, ya kuma yafe mana mu masu ƙaunarshi. Na raka ta bakin titi na tambaye ta ko zai tashi daidai. Ta ce ba za ta yi mani ƙarya ba, ta ga waɗanda suka dawo, ta ga waɗanda ba su dawo duka ba. Ta ce likita zai gan shi in ya farka, amma kafin nan kada a tashe shi ko don wa.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga maza sun gano lungun, Baba Elias a gaba, riƙe da kwalbar zuma. Na fito na ja ƙofa a bayana, na durƙusa na gaishe su, na ce ba za a shiga ba. Baba ya ce ido kawai zai sa mashi. Na ce ya yi haƙuri, in Yaya ya buɗe ido ya gan su, zai riƙe cewa sun zo, ya ƙara a cikin bashin da zai rama.

Baba Elias shi ne mutumin da ya ɗauki gawar Babanmu, ni kuma ina tare mashi ƙofa.

"Mu muka yi mashi laifi ke nan, Micah?"

Na ce a'a, Baba, alheri kuka yi mashi. Ya miƙo mani zumar, na ce ya tafi da ita tukuna. Ya juya, sauran suka bi shi. Na san za a daɗe ana faɗin wannan a Bomo.

Sai ranar Litinin da la'asar ya farka sosai. Sarah ta tafi ɗauko Peace, ni kaɗai ne a ɗakin. Ya tashi zaune, ya sha ruwa, ya dubi yatsanshi, ya dubi rufin ɗakin. Fuskarshi ta kwanta, har na fara jin sanyi a raina. Ya kira sunana daidai, ya tambayi Sarah, ya tambayi ko mai dawar ya yi fushi. Na ce an ba shi haƙuri, ya haƙura. Ya gyaɗa kai.

"Gonar wa ta rage?"

Na ce ban sani ba. Ya ce na sani. Na ce to, na sani, amma ba zan faɗa ba.

Bai yi faɗa ba. Ya dubi takalmanshi a bakin ƙofa, leɓenshi suka fara motsi. Na jawo bencin da nake zama a kai, na gitta shi a ƙofar, na zauna. A waje iska ta taso, masu walda suna ta kwashe kayansu, aka fara yayyafi a kan kwano.